Kwalba Mai Sunan Inna

Daga teburin Babban Likita, shugaban ɗakin gwajin tarin fuka, mai farar riga da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi.

Zuwa ga Malama Tela.

Bayan gaisuwa irin ta manya, gajera ba wasa. Labari ya iso mana cewa akwai wata dattijuwa a gidanki da ta cinye damina tana tari, ku kuwa kuna ta ɗura mata zuma kuna cewa sanyi ne. Saboda haka mun ba direban babbar mota kwalba ya kawo miki. Da sassafe, kafin ta sa komai a baki, ki sa ta yi tari daga can ƙasan ƙirji ta tofa kaki a ciki. Kaki muka ce, ba miyau ba. Ki rufe da kyau ki mayar wa direba.

Domin ki san da wa kike magana: muna da wani mutum, Mai Madubi. Zai shafa kakin a kan ɗan gilashi, ya zuba masa jan rini, ya gasa da ɗan harshen wuta, ya wanke, ya bi da shuɗi. Sai ya leƙa ta madubin da ke mayar da ƙura dutse. In ciwon na nan, zai ga 'yan jajayen sanduna kwance cikin shuɗin. In muka gan su, za mu aiko a ɗauko tsohuwa, a aske mata kai ƙwal, a ajiye ta bayan shingen waya shekara guda, ba ta ganin kowa sai wata nas da ba a taɓa ganin haƙoranta ba. Abinci kuwa ɗanyen ƙwai, safe da yamma.

Har wa yau mun sami labarin ɗanta da ke aiki a ƙarƙashinmu, yaro ne kyakkyawa, mai kunya, ba ya magana sai an tambaye shi. Doka ta ce a ɗinka masa sabuwar riga.

To Yaya, sauke numfashi, ni ne, Autan Inna. Na san tun layin farko kika harbo ni, don babu likitan da ke rubutu da hannun allo, baƙaƙe suna karkacewa kamar katangar bayan gidanmu. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da 'yan biyunki masu cin abincin mutum huɗu. Ni lafiya lau. Aikina dai yana nan: wanke kwalabe, share keji, da ciyar da ɓerayen masar da ake gwaji da su. Har sun san takuna, ina shigowa sai su ɗauki kuka kamar ango ya iso.

Amma batun kwalba ba wasa ba ne. Direba ya ce mini daga bakin titi yake jiyo tarin Inna. An kawo wata sabuwar allura nan, ana bincike a kanta, na ga waɗanda aka shigo da su a kwance sun fita da ƙafafunsu. Kaɗan ce, gadaje ma kaɗan ne, kuma ba a ba kowa sai wanda gwaji ya tabbatar da ciwon a kakinsa. Na bi Likita har bakin motarsa ina roƙo, ya ce akwai gadon da zai buɗe, zai riƙe wa Inna in sakamako ya nuna. Don Allah kada ki ja lokaci.

Taubashinki da ya fi ki kyau,
Auta

*

Zuwa ga Babban Likitan ɓeraye.

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu ma mun gode Allah. 'Yan biyu suna gaishe ka, sun ce in ka tashi zuwa ka sako musu ɗaya daga cikin talakawanka a aljihu.

Auta, har yaushe za ka girma? Direba ya miƙo mini takarda a gaban masu kawo ɗinki, na ga kan wasiƙa, har na fara ɓoye ta kafin na gane wannan mummunan hannun naka. Na karanta wa Gwaggo, Innar taka, kamar yadda ka rubuta. Ba ta yi dariya ba.

Jikinta dai da sauƙi, wata rana ta tashi har ta share tsakar gida, wata rana ta wuni a kwance. Tsufa ne da sanyi, ni a ganina. Ga kwalbarku nan na cika umarni, na naɗe ta da ƙyalle na rubuta sunanta a jiki. Ku leƙa da madubinku ku bar mutane su huta.

Riga kuwa sai ka jira. Ɗinki ya yi mini yawa, keke ba ya tsayawa, har na zube kamar ba ni ba. Da la'asar sai in ji jikina ya yi zafi don gajiya. Kai kana can kana hira da ɓeraye, ni nake nan da tsohuwa da yara biyu da bakin mutane.

Gwaggo ta ce ka riƙa cin abinci, ka rage surutu.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya Tela, sarauniyar masu tsawa.

Ina gaisuwa, ina gaisuwa, ina gaisuwa! Ki ƙara ɗaya ki kai wa Inna. Ni yau ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Yaya, babu! Mai Madubi ya yi ta juya gilashin, sama da ƙasa, gefe da gefe, har wuyansa ya ƙage. Na tsaya a bayansa ina karanto duk abin da na haddace, har da wanda na manta. Ya ɗago ya ce, "Kai, daina yi mini numfashi a wuya, zo ka gani da idonka." Na sa ido. Shuɗi fes, kamar sama bayan ruwa. Ko sanda ɗaya ja babu. Na rungume shi, ya ture ni ya ce in je in wanke hannu.

Shi dai haka halinsa yake, ba ya yarda da farin ciki. Ya yi ta gunaguni wai kakin ya yi ruwa-ruwa, ba irin na mai tarin wata da watanni ba. Ya ce madubi ba ya ganin ciwon in ƙwayoyin kaɗan ne, amma ɓera ba ya ɓoyewa. Saboda haka aka zuƙi sauran a sirinji aka yi wa ɓeran masar ɗaya allura a cinya. Za a jira wata ɗaya da rabi. In ya ci gaba da ƙiba, shi ke nan. Ni na zaɓo shi da kaina, wani mai kumatu da furfura a haɓa. Na raɗa masa suna Kawu, don wallahi in yana tauna ganye babanki sak. Kada ki gaya masa.

Gadon ya buɗe shekaranjiya. Likita ya kira ni ya ce, "Yaya batun tsohuwarka?" Na ce, "Ranka ya daɗe, madubi ya wanke ta, a ba mai bukata." Da bakina na faɗa, ina washe haƙora. An ba wani matashi mai dakon kaya a tasha, na ɗauko masa tabarmarsa da kaina. Na ce a raina ladan ya je wa Inna.

Ki ci gaba da ba ta zumar, ashe ke ce likitan. Ke ma ki sassauta wa keken nan, kada ki ƙare a bar ni da 'yan biyu, su cinye ni.

Ki faɗa wa Inna ta ajiye kanta da gashinta, babu mai aske shi.

Auta

*

Yaya,

Ina gaishe ki da Inna da yara. Direba ya zo sau da yawa hannu wofi, na ce ko ɗinki ne ya hana ki amsa. Allah ya sa lafiya. Wannan karon ki zauna kafin ki karanta, kuma babu wasa a ciki ko kalma ɗaya.

Ɓeran ya kamu.

Da farko na ga ya rage ci. Na ce fushi yake, na kawo masa ganye mai laushi na sa masa a baki. Sai gashinsa ya tashi tsaye, ya koma kusurwa. Duk safiya ina ɗora shi a sikeli, kullum ƙasa yake yi. Ran nan na shafa cinyar da aka yi wa allura na ji kaluluwa, tauri kamar tsakuwa. Na mayar da shi keji na rufe, na wuni ban gaya wa kowa ba, kamar in na yi shiru za ta sace. Washegari Mai Madubi ya taɓa da yatsa ɗaya, shi ma ya ji ta.

Jiya aka buɗe shi. Ni na riƙe tiren. Saifarsa ta kumbura, duk farare-fararen ɗigo, hanta ma haka. Aka shafa a gilashi, aka yi rini. Wannan karon ban nemi in leƙa ba, shi ya ja ni. Jajaye, Yaya, a jere, a tsibi. Inna tana da tarin fuka.

Ni ne na ba da gadonta. Tun jiya wannan maganar nake taunawa. Na je wurin Likita na durƙusa, abin da ban taɓa yi ba ko da tsokana. Ya ce tunda ɓera ya nuna, ta cancanta. Akwai wani gado da zai buɗe ƙarshen wata, ya rubuta sunanta. Amma ya ce masu jira suna da yawa, in ranar ta zo ba ta nan, ba zai riƙe shi ba.

Mai Madubi ya ce tunda madubi bai gani ba tun farko, ciwon bai yi nisa ba, irin waɗannan su allurar ta fi yi wa aiki. Ki ji wannan ki kwantar da hankali. Mun kama shi da wuri.

Ki ware mata kofinta da kwanonta, ki buɗe taga, yara su daina kwana a ɗakinta. Na yi magana da direba, zai ba ta gaban mota. Ki haɗa mata kaya.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Saƙonka ya iso. Muna nan yadda Allah ya ajiye mu.

Ina da tambaya, ka amsa mini tsakani da Allah. Shi ɓeran nan, ba ya kuskure? Ba zai yiwu ya ɗauki ciwon daga wani keji ba, ko daga allurar, ko a ce da ma da shi ya zo? Kuma mutumin da ba ya wani tarin kirki, sai ɗan gyaran murya da safe, yana aikinsa yana cin abincinsa, shi ma zai iya zama yana da shi? In uwa tana da shi, lalle ne sai yaranta sun ɗauka?

Ban gaya wa Gwaggo ba tukuna. Ka ba ni lokaci.

Yayarka

*

Yaya,

Na amsa gaisuwa. Sauran kuma ban san ta inda zan amsa ba.

Lokaci? Wane lokaci zan ba ki, a aljihuna yake? Na aiko miki da maganar rai, kin aiko mini da jarrabawa. Na sani ban yi boko ba, ban iya karanta abin da ke jikin kwalaben da nake wankewa ba, amma kejin nan ni nake share shi. Ɓeran shi kaɗai yake, sirinjin an dafa shi a gabana, 'yan uwansa da aka haifa tare suna nan suna ƙiba kamar 'yan kasuwa. Bai yi kuskure ba.

Kuma wa kike kira mai ɗan gyaran murya? Na tsare direba na ce ya gaya mini gaskiya. Ya ce Inna ta daina fitowa bakin ƙofa. Ya ce ya hango tsumma a kan igiya da tabon jini da wanki bai fitar ba. Kika rubuto mini jikinta da sauƙi! Batun yaranta kuwa kada ki damu da ni, ana duba mu nan a kai a kai, ƙirjina ƙalau.

Na san abin da ke ranki. Kina tsoron a ce gidan tela akwai tarin fuka, mata su kwashe atamfofinsu. Yaya, matar nan ita ta goye ki lokacin da mahaifiyarki ta rasu, tun ba a haife ni ba. Da mijinki ya rasu, ita ta buɗe miki ɗaki. In kunya ce, ki ce musu ta tafi ganin ɗanta Babban Likita. Ƙarshen wata ya kusa. Ki sako ta a mota.

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ka. Ban san ko za ka ƙara amsa gaisuwata bayan wannan ba.

Ba kakin Gwaggo kuka auna ba. Nawa ne.

Ranar da wasiƙarka ta farko ta zo, na zauna a bakin gadonta na fara karantawa daga sama, da muryar manya, don in ba ta dariya. Ina kaiwa wurin askin kai da waya da shekara guda, ta kama hannuna. Na ce mata wasan Auta ne, ga sunansa a ƙasa. Ta ce, "Na san ɗana. Ba ya ƙirƙira, ƙari yake yi. In ya ce waya, akwai waya." Ta ce ita ba za ta mutu a hannun baƙi ba, a ɗakin da ba wanda zai juya ta ya fuskantar da ita gabas. Na karanta mata batun allura da gado, ta juya fuska bango.

Da safe na kai mata kwalbar. Ta ce, "Ke lafiyarki ƙalau, tofa naki, yaron nan ya samu barci." Ta haɗa ni da nonon da ban sha ba da goyon da ta yi mini. Na fita bayan ɗaki na yi tari na tofa, na rubuta sunanta.

Zan iya tsayawa a nan in ce ita ta sa ni. Amma abin da ka faɗa ma gaskiya ne. Ina tofawa ina tunanin masu kawo ɗinki, ina tunanin wa zai riƙe mini yara in ina kan keke. Na ji sauƙi da ta roƙe ni, Auta. Na ji sauƙi.

Da ka rubuto cewa ka ba da gadon, na kasa ɗaukar alƙalami. Da ka rubuto cewa ɓera ya kamu, na shiga bayan gida na toshe baki da zane. Tambayoyin da na yi maka, kaina nake tambaya wa, da 'yan biyu.

Gwaggo kuwa ba wuri kuka kama ba. Jinin da direba ya gani gaskiya ne. Hannunta ya zama kamar kara.

Ga abin da na yanke. Kada ka gaya wa kowa. Sunanta ne a kwalba, sunanta ne a gado, kuma ciwon tana da shi, ko makaho ya ji tarin ya sani. Ba wanda aka cuta. Zan lallashe ta in sako ta. Ni ka bar ni, ina da ƙarfi tukuna.

Ka zage ni in kana so, na ci.

Yayarka

*

Zuwa ga 'yar Kawu.

An koya mini fara wasiƙa da gaisuwa, to ga ta nan. Ki gaida yara.

Da kin aiko da na Inna, Mai Madubi ba zai ko gyara zama ba zai gani. A ranar za a rubuta ta. Gadon farko, wanda na ba ɗan dako ina dariya, da yanzu tana kansa wata biyu, an yi mata allurai, ta fara zagin nas. Ɗan dakon nan jiya na gan shi yana zagaya fili yana cin rake. Na tsaya ina kallonsa har ya tambaye ni lafiya.

Kin bar ni na rungumi mutum don murna. Kin bar ni ina rera wa ɓera waƙa, ina ba shi ganye a baki, ina cewa ka yi ƙiba don Inna. Kin karanta wasiƙar da na ce ashe ke ce likitan, kika ninke ta kika koma kan keke. Duk zuwan da direba ya yi hannu wofi, layi ɗaya ya isa: Auta, a sake gwaji. Ba sai kin ce don me ba.

Kin ce wayar da na rubuta ce ta tsorata ta. Na ji, zan ɗauki wannan, zan kwana da shi. Akwai waya, ta hana awaki shiga lambu ce. Amma ni wasa na yi da baki, ke kin yi da hannu, kina sane, kika naɗe da ƙyalle mai kyau. Tun muna yara ni ne maƙaryacin gidan, ke ce wadda in ta ce an yi, an yi. In na fasa tulu ke ake tambaya. Yau wa zan tambaya?

Zan yi shiru, ba don ke ba. Duk safiya ina wucewa ta gaban Mai Madubi, ga sakamakon nan ya shigar cikin binciken da ya ba shekarunsa, da sunan tsohuwa alhali ƙirjin mai shekara talatin ne. Ina gaishe shi ina kallon ƙasa. Wannan ma ke kika saya mini.

Ki kawo ta. Ki ce mata babu aski, babu ɗanyen ƙwai, kuma ni zan riƙa juya ta da hannuna. Kada ki ƙara kira na Auta a takarda. Ita kaɗai ke da wannan sunan yanzu.

Ɗan gwaggonki

*

Ɗan Gwaggo,

Gaisuwa, ko ba za a karɓa ba.

Na gwada, direba shaida ne. Na gaya mata komai, har da abin da ɓera ya nuna da ko na wane ne. Ta yarda za ta zo, don ka ce kai za ka juya ta. Muka ɗaura mata ɗankwali, ni da direba muka tallafo ta. Ba mu kai bakin ƙofa ba tari ya sarƙe ta, jini ya zubo mata har gaban riga, ta sulale. Direba ya ce shi ba zai ɗauke ta a wannan hanyar ba, wuni guda ana jijjiga, ba za ta kai gada ta farko ba. Muka mayar da ita.

Da ta farfaɗo ta ce in rubuta maka wannan, kuma in karanta mata ta ji ban canza ba. Ta ce: "Ka gaya wa likitanku gadon na mai kakin ne. Ni na sa ta, in fushi za ka yi ka zo ka yi da ni ina da rai. Kada ka bar 'yan biyu su rasa uwa don kana jin haushi. Kuma ka zo, na gaji da jin muryarka a bakin wata."

Na rubuta don ta sa ni. Ni ban roƙe ka komai ba.

'Yar Kawunka

*

Yaya,

Ina gaida Inna. Ki karanta mata wannan daga sama har ƙasa, babu abin tsoro a ciki.

Na je na faɗa. Mai Madubi na fara samu, don shi na fi jin kunya. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Shi ya sa ya yi ruwa-ruwa." Ya raka ni wurin Likita ya tsaya a bakin ƙofa.

Likita bai yi tsawa ba, da ma ya yi. Ya tambaye ni yaushe na sani, na gaya masa. Ya ce wanda ya sani ya yi shiru, ko na kwana ɗaya ne, ba zai riƙe masa keji ba, don duk aikin ɗakin nan a kan yarda da abin da ke jikin kwalba yake. Ya miƙo hannu na ba shi mabuɗin ɗakin ɓeraye. Na juya zan fita sai Mai Madubi ya ce, "Ranka ya daɗe, ɓeran dai bai yi ƙarya ba. Akwai mai ciwon, kuma nata bai yi nisa ba." Likita ya jawo takardar gadon. Ya soke sunan Inna. Ya tambaye ni naki, na faɗa masa, har da na Kawu.

Gadon naki ne. Na kusa da taga ne, rana tana shigowa da hantsi. Za su sake gwada ki ranar da kika iso, wannan karon nas na tsaye a kanki. Ki zo da 'yan biyu a duba su, akwai ɗan gwajin da ake yi a fatar hannu. In sun fita lafiya, matar Mai Madubi ta ce za ta riƙe su har a ga yadda jikinki zai yi, don kada su koma ɗakin tari.

Kada ki ɗauka na yafe. Na duba cikina ban samu ba tukuna, kuma ba zan rubuta miki abin da babu ba, mun ga inda wannan ke kaiwa. Ki sha maganinki, ki miƙa hannu a yi miki allura, ki warke. In kin warke ma yi faɗan da ƙarfinmu.

Ni zan hau motar jibi. Ki shirya, ita za ta juyo da ku washegari. Ki nuna wa maƙwabciya inda kofin Inna yake kafin in iso, ki rufe kekenki da zane, ba zan taɓa shi ba.

Inna, ni ne. Ina zuwa in juya ki. Ki jira ni.

Auta